Yadda ake rage ƙara a cikin tsohuwar mota, da misalin Peugeot 504

Duk wanda ya taɓa hawa hanyar Kano zuwa Zariya a cikin tsohuwar Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo, ya san cewa da zarar allura ta haura 80 hira takan koma ɗaga murya, na baya ba ya jin na gaba sai an waiwayo. Mutane da dama sun ɗauka cewa haka motar take tun fil azal, alhali kuwa motar da ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambun gwarzuwar motar Turai a 1969, an san ta ne da laushin tafiya. An fara haɗa ta a Kaduna a 1975, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daina ƙera ta tun 1983, don haka mafi ƙanƙantar shekaru a cikin waɗanda ke yawo a titunanmu ma ta kai kimanin shekara ashirin. A tsawon wannan lokaci robobi sun bushe sun tsage, shimfiɗar da ke ƙarƙashin kafet ta ruɓe, kuma kowane bakanike da ya ja waya ya bar rami a buɗe. Saboda haka rabin aikin rage ƙara maido da abin da ya lalace ne, sauran rabin kuma shi ne ƙara kayan da ba a san su ba a zamanin da aka ƙera motar.

Ƙara tana shiga ɗakin mota ta hanyoyi uku, kuma kowace hanya da maganinta. Ta farko ita ce girgizar ƙarfen jikin motar da kansa: inji da tayoyi suna aika girgiza cikin bodi, sai faffaɗan ƙarfe irin na ƙofa, da rufi, da daɓe ya riƙa amsawa kamar fatar ganga. Ta biyu ita ce ƙarar da iska ke ɗaukowa daga inji da salansa da gogayyar taya da kwalta, ta ratso ƙarfe ko ta bi ta ramuka. Ta uku kuwa fito ne na iska a gefen gilashi, da kwaramniyar abubuwan da suka saki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi abu guda a lulluɓe motar da shi gaba ɗaya, a kashe kuɗi mai yawa, sannan a hau titi a ji bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da ke kashe girgiza ba ya tare ƙarar iska sosai, kuma babu shimfiɗar da za ta yi maganin boris ɗin da ya mutu.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a fita da motar a saurare ta. A zaɓi miƙaƙƙen titi mai kyau, a rufe gilasai, a kashe rediyo, a tafi da mutum na biyu wanda zai riƙa sauya wurin zama yana kasa kunne. A kai gudun kilomita 80 a awa, sannan a taka kuloci a bar inji ya sauko yayin da motar ke ci gaba da tafiya. Idan ƙarar ta ragu ƙwarai, to daga inji ko salansa take. Idan ta tsaya yadda take, to a nemi tushenta a tayoyi, ko boris, ko aksul na baya, ko iska. Kukan da ke ƙaruwa in an karya sitiyari gefe guda ya ragu in an karya ɗaya gefen, galibi boris ɗin taya ne. Yana da kyau a sauke manhajar auna sauti a waya, a ajiye wayar a wuri guda, a rubuta abin da ta nuna a tsaye da kuma a kan gudun 60 da 80. Awon waya ba shi da cikakken daidaito, amma ya isa a kwatanta kafin aiki da bayansa, muddin titi ɗaya ne da waya ɗaya. A kuma san ma'anar lambobin, waɗanda ake aunawa da desibel, ma'aunin ƙarfin sauti: raguwar desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ragu da rabi, amma da ƙyar kunne yake lura, sai an rage kimanin desibel 10 ne mutum ke jin kamar ƙarar ta koma rabi.

Daga nan sai wurin bakanike. A duba injin-sit, wato robobin da inji ke zaune a kansu, da robar da ke riƙe giyabos, domin idan suka lanƙwashe ko suka tsage, inji yana zama a kan ƙarfe kai tsaye, kuma duk girgizarsa a jikin bodi take ƙarewa. Wannan ya fi muni a 504 mai amfani da man gas, wadda injinta dama mai ruri ne. A bi salansa tun daga manifol har wutsiya a nemi huji, da gasket da ya ƙone, da robobin rataya da aka maye gurbinsu da waya, abin da ya zama ruwan dare a garejinmu. Salansar da ke taɓa bodi ko da a wuri ɗaya tana mayar da motar gaba ɗaya akwatin sauti. Hujin salansa kuma ya wuce batun jin daɗi, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa, kuma motar da za a toshe mata kafofi ta fi riƙe abin da ya shiga cikinta. A duba man giya da na aksul, da bushin, da shakazoba. Tayoyin da suka tsufa suka taurare, ko masu manyan haƙora, suna da tasu ƙarar da ba abin da zai ɓoye ta.

Aikin da ya fi kowane arha, kuma a ganina ya fi kowane biya, shi ne toshe ramuka. Ƙara kamar ruwa take, ko ƙaramar kafa ta samu sai ta bi, kuma rami mai faɗin kwabo a bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja yana iya ɓata amfanin shimfiɗa mai tsada. Hanyar gano su mai sauƙi ce. A jira dare, a buɗe bonet, wani ya riƙe tocila mai haske yana bin bangon da ita daga ɓangaren inji, shi kuma mai motar ya kwanta rigingine a ƙarƙashin dashbod yana kallo. Ranar da na fara yin haka a tawa motar na ƙirga wurare bakwai da haske ke leƙowa: inda wayar totur ta ratsa, inda sandar sitiyari ta wuce, ramukan bututun na'urar sanyaya iska da aka cire tun ban sayi motar ba, da wasu biyu da ban taɓa gano dalilin huda su ba. Kowane rami da waya ta bi a saka masa zoben roba daidai girmansa, wanda zai kuma hana ƙarfe yanke wayar, ramin da ba a amfani da shi kuma a toshe shi da marfin roba. A duba rigar robar da ke gindin sandar giya, domin idan ta yage, kukan giyabos da zafinsa kai tsaye suke tasowa. Robar bakin ƙofa kuma a gwada ta da takarda: a rufe ƙofar a kan takardar a ja, in ta zare ba tare da turjiya ba, to robar ta mutu a wurin. A canja ta tare da robobin da gilashi ke hawa da sauka a cikinsu, da ta bakin but.

Sai an gama waɗannan ne za a kwashe kayan ciki. A cire kan batir tukuna. A fitar da kujeru, da kafet, da kwalayen ƙofofi, ana ɗaukar hoto da waya a kowane mataki, notunan kowane ɓangare kuma a ɗaure su a leda daban a rubuta sunansu. Maƙallan roba na tsohuwar mota suna karyewa da ɗan matsi kaɗan, don haka a bi su a hankali, a kuma tanadi sababbi. A ƙarƙashin kafet za a tarar da tsohuwar shimfiɗar zare mai kama da buhun algarara, a ƙarƙashinta kuma baƙin faifai na kwalta da kamfani ya manna a daɓe. Shimfiɗar zaren ita ce babbar mai laifi wajen ruɓewar daɓe, domin tana shan ruwan damina ta riƙe shi makonni, saboda haka a zubar da ita. Faifan kwaltar kuwa, inda ya manne sosai bai tsage ba ana iya barinsa, amma inda ya kumbura ko ya fashe sai a ɓamɓare shi, domin tsatsa a ƙarƙashinsa take ɓuya. Da sanyin safiyar hunturu ya fi sauƙin fita, saboda yana taurarewa ya riƙa ɓallewa da faɗi-faɗi in an sa masa kurfi da guduma a hankali. Kada a goge shi da injin gurza ƙarfe, domin wasu tsofaffin kayan irin wannan suna ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. A sa takunkumin hanci, a yi aikin a fili.

Duk inda tsatsa ta bayyana a kankare ta da burushin ƙarfe da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a shafa maganin tsatsa, a bi da fenti a bar shi ya bushe sarai. Inda ta huda, sai mai walda ya yanke ya dasa sabon ƙarfe, a kuma tuna masa cewa bututun mai da na birki suna bin ƙarƙashin daɓen. Duk wata walda a gama ta yanzu, domin bayan an manna roba da soso, wuta ba ta da wurin zama a motar. Haka nan a watsa wa motar ruwa da tiyo ana kallo daga ciki, a gano inda take yoyo, musamman kusurwoyin gilashin gaba, a gyara. Wanda ya shimfiɗa sabon kaya a kan daɓe mai yoyo ya binne matsalar ne kawai inda ba zai gan ta ba sai ƙafarsa ta burma.

Shimfiɗa ta farko ita ce mai kashe girgiza: faifan robar butil mai kaurin kimanin milimita 2, da fatar alminiyum a bayansa da gam a cikinsa. Ana samun sa da sunaye irin su Dynamat, da Noico, da STP. Yadda yake aiki shi ne, idan ƙarfe ya motsa, robar da ke tsakanin ƙarfen da alminiyum tana miƙewa tana dawowa, sai ƙarfin girgizar ya mutu a cikinta. A nan ne nake jan kunne da babbar murya game da ledar nan mai kwalta da ake liƙe yoyon rufin kwano da ita. Kamanninsu ɗaya a ido, kuɗinta bai kai rabi ba, kuma za a sami wanda zai rantse cewa duk abu ɗaya ne. Ni ma na taɓa yarda, na manna ta a cikin rufin mota da cikin ƙofofi a watan Disamba, na yi wata uku ina yabon kaina. Da zafin Afrilu ya kankama, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka ajiye a rana kuma ya wuce 60, sai kwaltar ta narke. Ta rufi ta saki ta zauna a kan silin ta yi masa baƙaƙen tabo, ta ƙofa ta zame ta taru a ƙasa ta maƙale gilashi, warin kuwa kamar ana gyaran titi a cikin motar. Cire ta da kananzir ya ci mini kwana biyu, silin kuma sai da aka ɗinka sabo. Idan ana shakka a kasuwa, a ɓare gefen takardar a sansana: butil kusan ba shi da wari, kwalta kuwa ba ta ɓoye kanta. A kuma ajiye ɗan yanki a kan dashbod a rana na yini guda a ga ko zai yi ruwa.

Ba a bukatar rufe ko'ina da butil. Rufe kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na kowane faffaɗan ƙarfe ya wadatar, matuƙar an sa shi a tsakiya inda ƙarfen ya fi motsi, abin da aka ƙara a kan haka kuma nauyi ne da kuɗi, amfaninsa kaɗan. A ƙwanƙwasa ƙarfen da gaɓar yatsa: inda ya yi amo kamar garwa yana son faifai, inda ya yi tauri, kamar lanƙwasa da wuraren da aka ninka ƙarfe, a wuce shi. A goge wurin da tina har ƙura da maiƙo su fita, domin gam ba ya kama datti. A yanka faifan gunduwa-gunduwa kamar faɗin tafin hannu biyu, a ɓare takardar, a manna, sannan a murje shi da ƙarfi da ɗan abin murzawa mai taya, daga tsakiya zuwa gefe, har zanen da ke jikin alminiyum ya baje. Idan iska ta maƙale a ƙarƙashi, a huda da tsinin wuƙa a murje, saboda kumburin da aka bari yana tara raɓa. A sa safar hannu, gefen alminiyum yana yanka kamar reza. Kada a rufe ramukan notin kujera da na bel, ko wayoyi, ko marfin da ake buɗewa don gyara, ko lambar bodi da aka buga a jikin ƙarfe, wadda jami'ai kan nema.

Shimfiɗa ta biyu da ta uku tare suke tafiya, kuma su ne ainihin masu tare ƙarar inji da ta titi. Ta biyun soso ne wanda ba ya shan ruwa, irin mai jikin robar silifas, mai kaurin milimita 3 zuwa 6. Soson katifa bai dace ba ko kaɗan, domin zai maimaita ɓarnar da tsohuwar shimfiɗar zare ta yi. Gwajinsa shi ne a tsoma yanki a ruwa a matse, in ruwa ya fito a bar wa mai shago kayansa. A kan soson ake ɗora leda mai nauyi, wadda ake sayarwa da sunan MLV, mai kaurin kimanin milimita 3 da nauyin kusan kilo 5 a kowane murabba'in mita. Nauyin ne ke aikin, domin a ƙa'ida duk lokacin da aka ninka nauyin shinge, sautin da ke ratsa shi yana raguwa da kimanin desibel 6. Soson kuma yana raba ledar da ƙarfe, don kada girgizar ƙarfen ta kama ta ta zama ita ma mai amsa amo. Saɓanin butil, wannan leda sai ta rufe ko'ina ba tare da giɓi ba. A fara yin zanen kowane ɓangare da kwali, a gwada shi a wurin, sannan a yanka ledar a kansa, inda yanki biyu suka haɗu kuma a ɗora ɗaya a kan ɗaya da kamar santimita 3 a liƙe da tef mai ƙarfi. Ni ban cika manne ta da daɓe ba, nakan bar nauyinta da kafet su riƙe ta, domin in damina ta wuce a iya ɗagawa a duba ko akwai laima. A yi lissafin nauyi tun da wuri: idan daɓe da bangon inji suka ci murabba'in mita 5, an ƙara wa motar kilo 25 ke nan, kamar rabin buhun siminti.

Idan kuɗi bai isa a yi ko'ina ba, a fara da bangon inji, da wurin ajiye ƙafa na gaba, da tudun tsakiya wanda giyabos da farfela ke ƙarƙashinsa, domin a mota mai inji a gaba da ja a baya irin 504 nan ne ƙara ta fi shigowa. A tura ledar sama a bayan dashbod iyakar inda hannu ya kai, a yanka mata kafa daidai kowace waya. Bayan an gama, a taka birki da kuloci da totur har ƙasa a tabbata babu abin da ke tare su ko riƙe su, wannan ba wurin ganganci ba ne. Sashen daɓen da salansa ke bi ta ƙarƙashinsa yana zafi sosai, saboda haka a tabbata farantin kare zafi yana nan a tsakaninsu, in ya ɓace a sa wani kafin a ɗora soso a sama.

A ƙofofi, faifai biyu ko uku na butil a jikin ƙarfen waje, ta cikin ramukan da hannu ke shiga, sun isa su sauya ƙarar rufe ƙofa daga ta gwangwani zuwa mai nauyi. Cikin ƙofa wuri ne da ruwa ke bi a kullum in ana ruwan sama, yana fita ta ƙananan ramukan da ke ƙasa, don haka a zure su da waya a fitar da laka, kada kuma a bari wani abu ya rufe su. A mayar da ledar da ke tsakanin ƙarfe da kwalin ƙofa, wadda yawanci an yage ta an yar tun gyaran farko. Sandunan makulli da ke kaɗawa a naɗe su da ɗan tef na yadi, a kuma ɗaga gilashi a sauke shi sau da yawa kafin a mayar da kwalin.

Rufi yana da wahala, domin a yawancin motocin wancan zamani silin yadi ne da aka rataya a kan sandunan ƙarfe, gefunansa kuma a cuse suke a ƙarƙashin robobin gilashi, ga shi tsohon yadi yana yagewa da an ja shi. Shawarata ita ce a bar rufi sai ranar da za a canja silin, a ba mai ɗinkin kujerun mota aikin, a sa butil kaɗan tsakanin sandunan da soso marar nauyi mai jure zafi. Kada a rataya leda mai nauyi a sama, rana za ta sake gam ɗin ta faɗo. Ribar rufi biyu ce, ƙarar ruwan sama tana raguwa, zafin da ke sauka a ka ma haka. A but, a sa butil a kan kumburin tayoyin baya da faffaɗan wuraren daɓe, a shimfiɗa leda mai nauyi a bayan kujerar baya da ƙarƙashinta, a ɗaure jak da sifana don kada su riƙa kaɗawa. Mai 504 doguwa, wadda ba ta da shinge tsakanin kaya da fasinja, zai fi kowa jin amfanin wannan. A ƙarƙashin bonet kuwa ba a sa komai sai abin da aka yi musamman don wurin, wanda ba ya kama wuta kuma ba ya shan mai.

Mai Volkswagen Beetle, wadda ita kuma aka haɗa a Legas daga 1975, sai ya juya tsarin: injinta a baya yake kuma iska ke sanyaya shi, don haka ƙarfin aikin yana kan bangon da ke bayan kujerar baya da wurin ajiye kaya da ke samansa, kuma ba a toshe ko ɗaya daga cikin kafofin da injin ke shaƙar iska.

Wajen mayar da kaya za a ga kafet ya ɗan ɗago saboda kaurin da aka ƙara, don haka a rage soso a ƙarƙashin ƙafafun kujeru da bakin ƙofa, a ɗaure notunan kujera da na bel a kan ƙarfe tsantsa ba a kan leda ba. Sannan a koma titin nan na farko, da wayar nan, a kan gudun 60 da 80, a rubuta sababbin lambobi kusa da tsofaffin. Kada a sa ran shirun sabuwar mota, domin siraran gilasai da siffar bodin 504 suna da iyakarsu, fiton iska kuma ba ya ƙarewa gaba ɗaya. Abin da aka saba gani shi ne, da rurin ya lafa sai ƙananan ƙararrakin da ya danne su fito fili, kamar kaɗawar murfin akwatin dashbod, ko wayar sifidomita da ta bushe tana ƙyas-ƙyas. A bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yadi da man giris, mutum na biyu yana danna wuraren da ake zargi da hannu yayin da motar ke tafiya, har a kama inda sautin ya tsaya.